Fistan Mai Tabo a Gefe Ɗaya

Shagon Mai Kunne taku bakwai ne a tsawo, huɗu a faɗi, kuma a wannan ɗan wuri ya yi shekara talatin da ɗaya yana farke injin zarto yana mayar da shi. Teburi ɗaya, kujera ɗaya da aka tallafe ƙafarta da bulo, gwangwanin madara goma sha biyu a jere, kowanne da irin notin da ke cikinsa. Idan ka kawo masa zarton da ya mutu a daji, kafin ka gama gaisuwa ya sauke sarƙa, ya zare fulogi ya shinshina. Kwana biyu yake ɗauka ya sake wa inji fistan da zobe da silinda idan kaya na hannu. Idan babu, huɗu. Ba a taɓa jin ya ce biyar ba.

Da facin keke ya fara, ya koma injin niƙa, daga nan injin ban ruwa. Yana da shekara ashirin da shida wani mai yankan itace ya kawo zarto garejin da yake aiki, maigidan ya ce shi ba ya taɓa abin da ke da haƙora. Shi kuwa ya shimfiɗa buhu, ya kwance abin ɗaya bayan ɗaya, ya jera, ya ƙirga, ya mayar. Noti biyu suka yi saura. Ya sake kwancewa. A karo na uku ba abin da ya rage a kan buhu, ya ja igiya sau shida, inji ya ɗauka. Cikin wata takwas ya buɗe nasa shagon.

Kwancewa da ɗaurawa kowa na iya koya in yana da haƙuri. Abin da ya sa aka laƙaba masa suna shi ne saitin kafireta. A jikin kafiretar zarto akwai 'yan kusoshi biyu da ake murzawa da siririn sukundireba. Ɗaya na man da inji ke sha yana hutawa, ɗaya na man da yake sha in an matse shi har ƙarshe. Wannan na biyun shi ne mai kisa. Ka buɗe shi da yawa, zarto ya yi ta hayaƙi yana nawa kamar jakin da ya ƙoshi. Ka matse shi da yawa, zarto ya yi ta zabura, mai yanka ya ji daɗi ya ce yau an yi masa gyara, alhali yunwa ce ke cin injin. Mai ya yi kaɗan, zafi ya yi yawa, kwana uku ko huɗu fistan ya narke ya manne. Tsakanin ƙoshi da yunwa bai fi kwatan juyi ba, kuma ido ba ya gani, sai kunne. Inji mai ƙoshi, in an matse shi ba a kan itace ba, yana da 'yar gargada a maƙogwaro kamar mai kurkure baki. Mai yunwa muryarsa siririya ce, sumul, kamar kukan sauro.

Shi yana iya zama wajen mai shayi a tsallaken titi, wani ya tayar da zarto a bayan shago, ya ajiye kofi ya ce, "Wancan yunwa yake ji, a buɗe masa kaɗan." A je a duba a tarar haka ne. Masu yanka daga nisan kwana guda suna tsallake makanikai biyar shida su kawo masa. In zai yi saiti har taruwa ake yi a kalla: ya karkata kai, ya lumshe ido, ya murza kaɗan, ya dakata, ya ƙara murzawa, sannan ya miƙa wa mai shi.

Kunnen hagu ne ya fara tafiya, shekara uku da suka wuce. Na dama ya biyo shi a hankali. A gurbinsu wata ƙara ta tare a kansa, ba ta hutu, kamar injin da aka manta ba a kashe ba. Magana yana tsintar rabi in yana kallon bakin mai yin ta. Sauran rabin yana cike shi da "haka ne" da "madalla". Sau biyu ya ce madalla a inda ake ba shi labarin rasuwa.

Matarsa ce ta fara ganewa, don ita ce mai kira daga nesa.

"Malam, sau nawa na kira ka?"

"Sau ɗaya."

"Huɗu. Na biyar ɗin da ludayi na yi shi a jikin tukunya."

"Tunani nake yi."

"To tunanin nan ya kai rediyonka lamba ashirin da takwas. Maƙwabta sun daina sayen batir, namu suke ji."

Ya yi kamar bai ji ba, alhali kuwa wannan karon ya ji.

"Ka je a duba maka mana."

"Kunnen da ya ciyar da gidan nan shekara talatin, shi za a duba?"

"Dama an ce wanzami ba ya son jarfa," ta ce, ta kwashe kwanuka.

A shago ya samo dabara. Ya rufe kusar kafireta ruf, ya buɗe juyi ɗaya da ɗan ƙari, a ƙirge. Da ya tsaya a nan, da da sauƙi, don ƙirgar ba ta cika kashe inji ba. Amma mutane sun saba ganin karkata kai da lumshe ido, kuma in bai yi ba za a tambaya. Sai ya karkata, ya lumshe, ya ɗan murza don masu kallo. Tunda kunne ba ya gaya masa inda zai tsaya, sai ya bi hannu. Hannu kuwa mayaudari ne a wannan aiki: inji mai yunwa ya fi gudu, ya fi daɗin riƙewa, hannu ya ce nan ne daidai.

Rabin aikin shagon na wani mai katako ne, mai zarto bakwai, kowanne an rubuta masa lamba da fenti a tanki. Mai lamba huɗu yana hannun wani mai yanka da ake kira Ba-Musu, mutum mai shekara arba'in da ɗoriya, uban yara biyar, shekararsa tara a wurin. Sunan ya bi shi ne don ko ruwan zafi ka ce masa sanyi ne, "to" zai ce ya sha.

Ranar Litinin Mai Kunne ya gama wa lamba huɗu sabon fistan da sabuwar silinda, ya yi saiti, Ba-Musu ya saɓa a kafaɗa ya tafi. Ranar Alhamis da hantsi sai ga mai katako da kansa a ƙofar shago, Ba-Musu na biye da zarto a rungume. Inji ya buga. Igiya ko motsi ba ta yi.

"Kwana uku, Mai Kunne," in ji mai katako. "Buɗe shi a gabana. Ko aikinka ne ko nasa, yau sai na sani."

Mai walda na kusa ya ajiye aikinsa ya matso. Masu jiran gyara uku suka miƙe daga benci. Mai Kunne ya kwance noti huɗu, ya ɗan buga silinda da katako, ya zare ta. Ya cire fistan ya ɗaga.

Shi ne ya koya wa duk layin nan karanta fistan. Ya sha faɗa cewa fistan ba ya ƙarya. In mai yanka ya zuba zallan fetur bai haɗa da baƙin mai ba, tabo zai zagaye ko'ina, ciki ya bushe ƙayau. In tabo ya tsaya a gefen salansa kaɗai, wato ta inda hayaƙi ke fita, ɗaya gefen na sheƙi, to mai ya haɗu, mai saiti ne ya matse.

Layi uku ne masu zurfi a gefen salansa. Ɗaya gefen sumul, da danshin mai har yana maiƙo a yatsa.

Idon mutum biyar ne a kan Mai Kunne, ban da na Ba-Musu da ke kallon ƙasa. Ya juya fistan ɗin ya kwantar da lafiyayyen gefen a tafin hannunsa, ya rufe da yatsu, ya nuna musu mai tabon.

"Zallan fetur aka zuba masa, Alhaji. Ba a haɗa mai ba."

Mai katako ya juya ga Ba-Musu. Abin da ya faɗa da yawa ne, Mai Kunne ya tsinci kalma uku huɗu: sakaci, shekara tara, tafi. Ba-Musu ya ɗago ya dubi fistan ɗin, ya dubi hannun da ke riƙe da shi. Sannan ya ce, "To." Ya ciro magagarin wasa sarƙa da sifana daga aljihu ya miƙa wa mai katako da hannu biyu. Da zai wuce ya ɗan rusuna.

"Baba, a huta gajiya."

Fistan ɗin bai shiga kwandon ƙarafa ba. Aljihun rigar Mai Kunne ya shiga, ya zauna.

Cikin mako guda Mai Kunne ya aika a kawo masa sauran zartuna shida, wai zai duba matatar iska. Ɗaya bayan ɗaya, in ba kowa a shago, ya buɗe wa kowace kafireta kwatan juyi. Huɗu daga cikin shidan fulogi ya yi fari fat, alamar su ma suna kan hanya. Ya gyara abin da sukundireba ke iya gyarawa.

Ba-Musu kuwa ba wanda zai ba zarto ga mutumin da Mai Kunne ya ce ba ya haɗa mai. Maganar ta riga shi isa duk inda ya je. A rana ta shida Mai Kunne ya hango shi a wani wurin gini a kan hanyar gida, yana tura baron yashi, ƙafa fari da siminti. Ya tsaya cak, ya juya ya bi ta lungun bayan makaranta. Taku ɗari huɗu da ashirin lungun ya ƙara masa, safe da yamma. Ya ƙirga, don in yana ƙirga ba ya tunani.

Abinci ya daina wuce masa. In mai walda ya leƙo ya ce, "Sarkin kunne, ya aiki?" sai ya ji kamar an watsa masa ruwan batir. Wani mai yanka ya kawo zarto yana ba da labarin Ba-Musu yana dariya, wai mutum shekara tara bai san galan na mai ba. Mai Kunne ya sunkuyar da kai a kan noti ya ce, "Haka ne."

A rana ta goma sha ɗaya matarsa za ta yi wanki, ta zazzage aljihu, fistan ya faɗo cikin baho. Ta ɗauka ta juya shi a hannu. Shekara talatin tana tsintar fistan a aljihu da ƙarƙashin gado, kuma ta ji karatunsa ya fi sau ɗari a bakin mai shi. Ta same shi a tsakar gida yana wanke hannu da kananzir. Ta tsaya a gabansa inda zai ga bakinta.

"Na wane ne wannan?"

"Tsohon ƙarfe ne."

"Tsohon ƙarfe ba ya kwana goma sha ɗaya a aljihu. Na Ba-Musu ne?"

Ya ci gaba da murza hannu.

"Malam, wannan gefe ɗaya ne."

"Ke yaushe kika zama makanike?"

"Tun ranar da na auri wanda ba ya iya cin abinci sai ya ba da lacca." Ta ajiye fistan ɗin a kan murfin randa. "Matar Ba-Musu ta daina zuwa famfon layinmu. Can ƙasa take zuwa ɗibar ruwa don kada ta gan ni. Yara biyar, Malam."

"Na sani."

"Ban ce ba ka sani ba. Cewa na yi biyar."

"In na faɗa, shago ya mutu. Wa zai kawo wa kurma saiti?"

Wannan ne karo na farko da kalmar ta fito daga bakinsa. Ta ɗauki bahonta.

"Ni dai ba zan mayar da shi aljihun ba," ta ce. "In kana so ka ɗauka da hannunka."

Washegari da safe ya ɗauka. Ya tsara abin a kan hanya kamar yadda yake tsara aiki: zai ja mai katako gefe, jimla uku, a hankali, tsakaninsu biyu. Shi kuma mai katako zai mayar da Ba-Musu, ya ce an sake dubawa, magana ta mutu a nan. Ba sai duniya ta ji ba.

Wurin katakon fili ne babba mai rumfar kwano. Da ya shiga, injin gogar katako na aiki, ya ga ɓawon itace na tashi, ya ji girgizar a tafin ƙafarsa. Ma'aikata tara, masu saye biyu, da wata mata mai sayar da ruwa a bakin ƙofa. Ya ji daɗin ƙarar, don za ta rufe masa asiri. Ya gaida mai katako, ya ce yana son ganinsa. Suka koma bayan wani tulin katako, Mai Kunne ya ba wa injin baya.

Daidai lokacin da ya buɗe baki aka ɗauke wuta.

Bai sani ba. Ƙarar da ke kansa ba ta san an ɗauke wuta ba, ta ci gaba da aikinta. Shi a zatonsa injin gogar ne, sai ya ɗaga murya don ya tsallake shi, kamar yadda kowa ke yi a wurin.

"Alhaji, Ba-Musu ya haɗa mai daidai. Ni na matse kafireta, na yi masa ƙarya a gabanka. Kunnena ya mutu shekara uku ke nan, ba na jin inji."

Mai katako ya ɗaga hannu, bakinsa ya motsa. Mai Kunne ya ɗauka bai ji ba ne. Ya tara numfashi ya maimaita, da ƙarfin da ya fi na farko, har jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ciro fistan ya juya lafiyayyen gefen yana nunawa.

Sai ya lura idon mai katako ba a kansa yake ba, bayansa yake kallo. Ya waiwaya.

Injin na tsaye. Fankar rumfa na tsaye. Mutum goma sha biyu suna kallonsa, ɗaya da falanki a kafaɗa bai sauke ba, mai ruwa da leda a hannu ba ta miƙa ba.

Ya so ƙasa ta tsage. Ba ta tsage ba, siminti ne.

Mai katako ya matso har ya ji hucin bakinsa a kunne.

"Na ji tun farko. Masu wucewa a titi ma sun ji."

Mai Kunne ya gyaɗa kai.

"Shekara uku kana karkata mana kai kana lumshe ido?"

"Uku."

"Inji nawa ka kashe?"

"Naka ɗaya. Na wasu biyu." Ya miƙa masa fistan ɗin. "Su ma na ce rashin haɗa mai ne."

Mai katako ya karɓi fistan ɗin ya shafa gefen mai sheƙi da babban yatsa, ya daɗe yana shafawa.

"Ni na kore shi, amma da bakinka na kore shi. Je ka dawo da shi da ƙafarka. Su biyun nan ma ka san inda suke." Ya jefa fistan ɗin a kan katako. "Zartuna kuwa, sai na yi shawara."

Daga tulin katako zuwa ƙofa taku sittin da uku ne. Aka dare aka ba shi hanya. Bai ɗago kai ba, don haka bai ga fuskar kowa ba, kuma abin da ya fi ci masa rai shi ne bai sani ba ko ana dariya a bayansa ko shiru aka yi.

Bai bi lungu ba wannan karon. A wurin ginin ya tarar da Ba-Musu ya juye baro yana goge goshi da gefen riga. Ba-Musu ya gan shi, ya ɗan yi kamar zai juya, sannan ya rusuna.

"Baba, ina kwana."

Mai Kunne ya fara bayani. Tsoron abin da ya faru ɗazu ya sa ya sauke murya har ƙasa.

"Baba, ɗan ɗaga murya, ban ji ba."

Ya ɗaga, ya faɗa duka, daga kafireta har tafin hannun da ya rufe fistan. Ba-Musu ya saurara yana kallon tayar baro. Da ya zo amsawa ya matso kusa, ya faɗa dalla-dalla, kamar wanda ya daɗe da sanin yadda ake magana da shi.

"Na sani, Baba. Tun a shago ranar Litinin na ji injin yana kukan sauro."

"Ka ji, ka yi shiru?"

"Na ce ko wani sabon salo ne. Kai ne fa."

"Ranar da na yi maka ƙaryar fa? Ka ga fistan ɗin."

"Na gani. In na ce ba haka ba ne, na ƙaryata sa'an ubana a gaban mutane." Ya kankare siminti daga farcensa. "Amma ba zan ɓoye maka ba, mai ɗakina ta ce in na ƙara gaishe ka ba ta yafe ba. Kwana goma sha biyu ina zagayawa ta kasuwa don kada mu haɗu, in rasa wanda zan saɓa wa."

Da zagi aka yi wa Mai Kunne, da ya san inda zai ajiye shi.

"Alhaji ya ce ka koma."

"To." Ya dubi tarin yashin. "Sai dai na karɓi kuɗin yini na mai ginin nan. Saura baro goma sha bakwai."

"Zan jira."

"Rana ce, Baba."

"Cewa aka yi in dawo da kai da ƙafata."

Ba-Musu bai yi musu ba. Ya ɗauki shebur. Mai Kunne ya jawo bulo ya zauna a gefen yashi, inda babu inuwa, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Yana tunanin masu zarto biyun da suka rage: ɗaya a bayan tasha yake, ɗayan sai an hau mota. In ya fita da sassafe zai iya gama su a yini ɗaya.

A baro na biyar mai kula da ginin ya zo wucewa, ya ga dattijo zaune a rana da baƙin mai a farce. Ya tsaya daga nesa ya ce wani abu. Bakin Mai Kunne har ya buɗe zai ce "haka ne". Ya kama kansa.

"Ɗan matso, ɗana," ya ce. "Ba na ji."